Fuskar da Umma Take Gaisarwa Ba ta Ubanta Ba Ce

Anti, don Allah ki taimake ni, kaina ya kulle. Na san wasiƙun da kika saba samu na rigimar aure ne da surukai da 'ya'yan da suka gagari iyaye. Tawa ba ta cikin waɗannan, har ina jin nauyin kawo miki ita. A kan hoto ne, hoton mutumin da ya rasu tun kafin a yi tunanin haihuwata. Kada ki yi dariya, mijina ya riga ya yi mana gaba ɗaya, sai da ya ga abinci ya daina shiga cikina sannan ya shiga taitayinsa.

Ni malamar kimiyya ce a makarantar sakandare. In na tashi daga aiki ina wani aikin sa-kai a wani shafin intanet, babban rumbu ne da aka tara bayanan ma'adinai a ciki: kowane dutse da sunansa, da launinsa, da taurinsa, da inda ake haƙo shi. Da yawa daga cikinsu sunayen mutane aka sa musu, ko wanda ya gano su, ko wani da aka so a karrama. Sai a ɗora hoton mutumin a gefen shafin tare da ɗan tarihinsa. To ni hotunan nan ne aikina, in tabbatar fuskar da ke sama ta mai sunan da ke ƙasa ce.

Ba za ki yarda da yawan shirmen da ke ciki ba. Wani zai ga tsoho mai gemu da tabarau a wani littafi, ya ce ai wannan da gani masani ne, ya ɗora. Na taɓa sauke wani mai gyaran agogo da ya yi shekara da shekaru yana zaune a kujerar farfesa don kawai sunansu ɗaya. Na sauke ɗa da aka sa a madadin uba, na sauke suruki. Abin da ya fi ƙona rai, sai ki cire hoto yau, ba a jima ba wani ya dawo da shi, har da hujjarsa daga wani shafin, shafin nan kuwa daga wurinmu ya kwafa tun farko. Ƙaryarmu ce take zagawa ta dawo ta ba wa kanta shaida. Ban taɓa gajiya ba. Sauran editoci har Mai Tsintsiya suke ce min, kuma ba zan ɓoye miki ba, sunan yana min daɗi.

Abin da ba wanda ya sani a cikinsu shi ne dalilin da ya kawo ni. A shafin da laƙabi nake aiki, ba da sunana ba. Ɗaya daga cikin ma'adinan nan, wani kore-kore kamar fasasshiyar kwalba, sunan kakana aka sa masa, mahaifin Ummata. Yana cikin ayarin masu binciken duwatsu, shi ya fara tsinto dutsen, zazzaɓi ya kashe shi a daji kafin ayarin ya dawo. Shugabansu ne ya sa wa dutsen sunansa daga baya. Lokacin kakarmu tana da cikin Umma. Ba hoto, ba riga, ba komai. Abin da kakarmu ta bar wa Umma game da shi bai cika cokali ba: dogo ne, bahago ne, kuma ba ya iya zama wuri ɗaya, kamar an zuba masa tururuwa a wando. Shi ke nan uban da Umma ta tashi da shi.

Ni ce na ɗebo hagun. Ina ƙarama wani malami ya matsa min sai na koma rubutu da dama, Umma ta yafa mayafi ta tafi har ofishin shugaban makaranta, ta ce gadon ubanta ne, kada wanda ya sake taɓa min hannu. Rashin zaman ma ni na kwaso. Duk hoton gidanmu za ki ga kowa tsaf, ni kaɗai na juya ina kallon wani abu. Har yau in za a ɗauki hoto sai ta ce a riƙe mata kan wannan yarinyar, alhali yarinyar ta fara furfura.

Shekarun baya Yayanmu, babban wanmu wanda Umma take zaune a gidansa, yana lalube a waya sai ya faɗa kan shafin. Ga sunan kakanmu, ga hoton wani dogon mutum mai faɗin goshi, da ɗan tabo a gira, ya riƙe guduma a hannun hagu. Anti, ina wurin ranar da ya nuna mata. Ba ta yi kuka ba. Ta dai riƙe wayar da hannu biyu tana kallo har shayinta ya huce, sannan ta ce ga goshinta nan, ga kuma hagun. Yaya ya wanko shi babba, ya sa a gilashi, ya kafa a bangon da ke kallon gadonta, saman teburin da take ajiye magunguna da rediyo. Kullum da safe sai ta gaishe shi, ta tambaye shi ya kwanan ƙasa, ta goge gilashin da gefen zaninta. Ta tsinto hancinsa a fuskar jikokinta kaf, har da wanda kowa ya san hancin uwarsa ya ɗauko. Ganin abin da hoto ɗaya ya yi wa tsohuwar nan ne ya sa na shiga aikin. Na ce duk mai neman fuskar nasa, ya kamata ya tarar da ta gaskiya.

Ga wata ɗabi'a da Umma ta ɗauka, ita ce yanzu ta zame min ƙarfen ƙafa. Duk baƙon da ya shigo ɗakinta sai ta sa shi ya buɗe shafin a wayarsa. Ma'aikaciyar jinyar da ke zuwa auna mata jini, mai gyaran lantarki, ƙawar jikarta, kowa. Ba ta yarda da wayoyinmu, wai ta yiwu mu muka saka shi a ciki don mu faranta mata. A wayar baƙo take so ta gani. In hoton ya fito sai ta gyara zama, ta ce to kun gani, ubana yana cikin aljihun kowa. Ta sa a karanta mata abin da aka rubuta a ƙasa, tana gyaɗa kai kamar ba ta haddace ba. Ciwon zuciya ya hana ta fita, idonta ya yi rauni, ƙawayenta sun ƙare. Wannan ne kaɗai abin da ya rage mata na fahariya.

Kwanakin baya babban editanmu ya turo min wani ƙorafi, kamar yadda ya saba turo min duk abin da ya shafi hoto. Wata mata ce ta rubuto. Ta ce hoton da ke shafin ma'adini kaza ba na mai sunan ba ne, kakanta ne, mai zana taswirar ayarin. Da na ga sunan ma'adinin sai da na yi tsaki. Na ce ga wasu kuma sun ga fuska mai kyau suna so su yi dangi da ita. Sai na buɗe hotunan da ta haɗo. Ga shi ranar aurensa, ga shi da jariri a hannu, ga shi ya tsufa ya yi sanƙo. Goshin nan, Anti. Tabon nan na gira, sai dai a ɗaya gefen. Kakana bai kai shekara talatin a duniya ba, wannan kuwa ya ga jikoki.

Duk da haka ban yarda ba. Na yi abin da na saba yi, na nemi asali. Hoton namu an yanko shi ne daga wata tsohuwar mujalla, inda mutum biyar suka jeru a gaban tanti, aka rubuta sunayensu a ƙasa daga hagu zuwa dama. Kakana ne na farko, don haka wanda ya ɗora ya yanko na farko daga hagu. Bai yi laifi ba, ni ma da haka zan yi. Na rubuta wa gidan adana kayan tarihin da takardun ayarin suke, suka turo min hoton da suka ɗauko daga ainihin fim ɗin. A ɗakin malamai na buɗe shi, lokacin hutun cin abinci, ana ta hayaniyar jadawalin jarrabawa a kaina.

A baibai aka buga shi a mujallar, kamar yadda mutum yake ganin kansa a madubi. Wani ma'aikacin maɗaba'a ne ya kifa fim ɗin, shekaru masu yawa da suka wuce, ba wanda ya lura. Akwai akwatin katako a gabansu mai rubutu a jiki. A mujallar rubutun ya dagule ba a gane shi, amma in kika ƙura ido haruffan a juye suke, a na asalin kuwa ga su daidai ana karantawa. Wato duk shekarun nan na hagu yana dama, na dama yana hagu. Na tsakiya ne kaɗai ya tsira da sunansa. Mutumin da ke bangon Umma mai zanen taswira ne, kuma da dama ya riƙe gudumarsa. Hagun nan da muka riƙe hujja, madubi ne ya ba shi.

Sai na kai idona ɗaya ƙarshen, inda kakana yake na gaskiya. Dogo ne, ya fi su duka. Guduma tana hannunsa na hagu, hannun ya fito tar, har jijiyoyi ana gani. Amma fuska babu. Kyamarar zamanin tana so mutum ya tsaya cak, shi kuwa ya juya kai daidai lokacin, wataƙila wani abu ya ji a bayansa. Daga wuya zuwa sama dishi-dishi ne kawai, kamar an shafa da yatsa. Na ƙara girma, na rage, na ƙara haske, na nemi wani editan da ya ƙware a gyaran tsofaffin hotuna ba tare da na faɗa masa na waye ba. Ya ce ba abin da za a ciro, tun ranar ba a kama komai ba. Na tambayi gidan tarihin ko akwai wani hoton, suka ce wannan kaɗai ayarin ya ɗauka. Na shiga banɗakin malamai na yi kuka har aka buga ƙararrawa, na wanke fuska na je na koyar da 'yan aji uku.

Ƙa'idarmu a shafin ba ta da kwana. In an tabbatar hoto ba na mai shi ba ne, a cire. In babu madadi, sai a bar wani akwati mai ruwan toka, a rubuta ba a san hotonsa ba. Ni da hannuna na bar wa iyalai da yawa wannan akwatin. Yanzu ki hango min Umma ta sa mai gyaran fanka ya buɗe waya, ta gyara zama, ya ce mata Baba ai babu kowa a nan.

Na faɗa wa Yaya a cikin mota, a wurin ajiye motoci na asibiti, bayan mun karɓo mata magani. Ya ji ni har ƙarshe, sannan ya ce wato duk duniya na rasa wanda zan share sai uban uwata. Ya ce mutumin ya mutu, wancan ma ya mutu, wa aka cuta? Ya ce in na taɓa shafin nan wani abu ya sami Umma, in nemi wani wan, ba shi ba. Tun ranar gaisuwa ce kawai tsakaninmu, ita ma a tsaye. Mijina kuma cewa ya yi in ajiye aikin kawai, tunda ba biyana ake yi ba, wani ya ji da shi. Na ce masa wanin zai cire hoton cikin minti biyu yana shan shayi. Ya ce min to ai ba ke kika cire ba. Haka maza suke warware matsala.

Da a ce matattu ne kawai a ciki, wallahi da na danne. Amma matar nan ta sake rubutowa. Mahaifinta yana da rai, ɗan mai zanen taswirar. Ya haura tamanin, ɓarin jikinsa ya shanye, magana da ƙyar. Ta ce tun da aka nuna masa shafin yake cewa an sace masa uba an ba wa wani. Ubansa ya zana taswirar da aka bi aka samo dutsen, ba a sa wa ko tsakuwa sunansa ba, yanzu kuma fuskarsa ma an ɗauke an manna wa wanda ya riga ya sami suna. Kullum sai ya tambaye ta ko an gyara. Ba ta zage ni ba, Anti, da ma ta zaga. Cewa ta yi ta ji daɗi da aka ce Mai Tsintsiya ce ke riƙe da maganar, don ta ji labarin ba na barin ƙarya ta kwana. Ni kuwa ina amsa mata da cewa ana kan bincike, alhali binciken ya ƙare tuni.

Na gwada taɓa Umma a hankali. Ina yanke mata farce na ce, Umma, da ba a samo hoton nan ba fa? Ta ce da ta mutu da ƙishi. Ta ce tun tana yarinya duk dogon mutumin da ta gani a titi sai ta bi shi da kallo, tana cewa ko haka yake. Ta yi aure tana yi, ta haife mu tana yi. Ranar da Yaya ya kawo hoton ta daina. Sannan ta ce yanzu ko yau aka kira ta ba ta da fargaba, ta san fuskar da za ta nema in ta je. Na sunkuyar da kai na ci gaba da yankan farce.

Tsofaffi biyu, Anti, fuska ɗaya, kuma kowannensu ba shi da lokacin jira. In na gyara, na kashe wa uwata uba a karo na biyu. In na bari, tsoho zai mutu yana tambaya ko an gyara, da sanina. Ko na gyara ma, hoton ya riga ya bazu a shafuka ɗari da sunan kakana, ba tsintsiyar da za ta share su. Na daina buɗe rumbun. Na daina son shiga ɗakin Umma, don mutumin nan yana kallona daga bango, bawan Allah bai san hawa ba bai san sauka ba. Ban ga hanya ba ko ɗaya. In kin gani, ki nuna min.

Taki,
Bahaguwa

*

Ƙanwata Bahaguwa,

Ban yi dariya ba. Na karanta wasiƙarki sau biyu, na ajiye, na zagaya ofis, na dawo. Zan fara da abin da ba za ki so ji ba: ni ma ban ga hanyar da kowa zai fita lafiya ba. Na nema miki, babu. Abin da ya rage shi ne ki zaɓi ciwon da za a iya jinya, ki bar wanda zai ruɓe a ciki.

Hoton nan sai an gyara, kuma kin sani, shi ya sa abinci ya ƙi shiga. Fuskar ta mai ita ce. Wancan tsohon ba alfarma yake nema ba, ubansa yake nema, kuma ya san shi ido da ido, ya ci abinci a hannunsa. Kowace amsar ana kan bincike da kike aikawa, daga cikin kwanakinsa kike yanka, shi kuwa ba su da yawa. In ya rasu kafin ki motsa, wannan ba mai gyara miki shi, ba edita, ba ni ba.

Amma ba ke za ki cire shi da hannunki ba. Ki rubuta wa babban editanku yau, ki faɗa masa mai sunan nan kakanki ne, ki miƙa masa hujjojin duka, ki ce kin fita daga maganar. Tun ranar farko ya kamata, don ba a sa mutum alƙalanci a kan gidansu. Ki roƙe shi abu biyu. Ya sanar da matar nan take cewa an tabbatar da maganarta, don ta kai wa mahaifinta amsa ko kafin shafin ya canza. Sannan ya ba ki 'yan kwanaki ki shirya gida. Ki kuma tambaye shi ko za a iya ɗora hoton ayarin gaba ɗaya, a daidai, da sunan kowa a wurinsa, a maimakon akwatin toka. Ban san ko ƙa'idarku za ta yarda ba. In sun ƙi, sun ƙi, amma ki tambaya.

Ko sun yarda, kada ki ruɗi kanki cewa Umma ba za ta gane ba. Matar da ta yi shekaru tana goge gilashi ɗaya kowace safiya, ko da rabin ido za ta ga mutumin ya koma can ƙarshe, guduma ta sauya hannu. Kuma baƙon da zai karanta mata rubutun ƙasa ba zai san abin da zai tsallake ba. Wato ko ba jima ko ba daɗe za ta ji. Tambayar kawai ita ce, daga bakin 'yarta tana riƙe da hannunta, ko daga bakin mai gyaran fanka yana tsaye da sukudireba.

Kafin komai ki ga likitanta, ke da Yayanki tare. Ku faɗa masa akwai labari mai nauyi, ku tambaye shi ko zuciyarta za ta ɗauka, da yadda za a yi. In ya ce a'a, to a'a, ba a gardama da wannan. Sai ku koma gadin ƙofa, kuna jan kunnen duk baƙo kafin ya shiga, kuna sane cewa wata rana wani zai kuɓuce muku. Ba hanya ce mai kyau ba, ita ce dai ta rage. A nan ma, in ta dube ki ta tambaye ki kai tsaye, kada ki yi mata ƙarya.

Yayanki kuma ki sassauta masa. Maganar da ya faɗa a mota ba ta dace ba, amma ki duba inda take fitowa. Shi ya kawo hoton nan. A duk abin da ya taɓa yi wa mahaifiyarsa, wannan ne ya fi alfahari da shi, ke kuma kin zo kin ce masa baƙo ya rataya mata a ɗaki. Tsoro ne da kunya suka haɗu masa. Ki je ki same shi ba da hujja a gaba ba. Ki ce masa bai yi kuskure ba, abin da duniya ta gani shi ya gani, kuma shekarun kwanciyar hankalin da Umma ta samu ba wanda zai ƙwace mata su. Sannan ki nuna masa hoton. Zai yiwu ya sauko, zai yiwu ya daɗe bai sauko ba. Shawarar mijinki kuwa ki gode masa ki ajiye ta, gudu ne aka sa wa riga.

In likita ya ba da dama, ga yadda nake ganin za ki yi. Ki wanko hoton ayarin babba, yadda idonta zai gani. Kada ki fara da wanda ba ubanta ba. Ki fara da hannun. Ki nuna mata dogon da ya fi kowa, ki nuna mata guduma a hagu, hagun gaske wannan karon. Sannan ki ce mata ta duba abin da ya yi: an ce kowa ya tsaya, mutum huɗu sun tsaya, shi ya juya. Abu uku mahaifiyarta ta bar mata game da shi, kuma duk ukun suna wannan ƙarshen hoton, ba wancan ba. Ita da ta ƙare rayuwarta tana cewa a riƙe mata kan yarinyar nan, ba sai an yi mata dogon bayani ba.

Ba na ce miki wannan zai maye mata fuska ba. Ba zai maye ba. Tana iya yin kuka, tana iya yin fushi da ke, tana iya cewa ƙarya kike ta ci gaba da gaishe da na bango. In ta zaɓi haka, ku bar ta. Kada wanda ya sauke hoton nan sai in ita ta ce. Shafin na duniya ne, dole ya faɗi gaskiya, bangon kuwa nata ne. Sauran shafukan da suka kwafa, ki gyara wanda hannunki ya kai, ki bar saura, ba za ki gama su ba.

Maganar da ta fi tsaya miki a wuya, ta fuskar da za ta nema in ta je, wannan ki sauke ta daga kanki. Ba aikin Mai Tsintsiya ba ne. Wanda ya halicce su bai taɓa rikita hagu da dama ba.

Saura ke. Kin yi ta lissafin abin da tsofaffi biyu za su rasa, kin manta ke ma kin rasa kaka a ɗakin malamai, kika wanke fuska kika shiga aji. Fuskar nan ba za ki taɓa ganinta ba, ba a wannan rumbun ba, ba a wani ba. Ki yi kukanki ki ƙoshi. In kin gama, ki yanko hannun nan daga hoton ki ajiye a teburinki.

Allah Ya ba Umma lafiya da juriya, Ya ba wancan tsohon tsawon kwanan da zai ji an gyara, Ya daidaita ki da ɗan'uwanki. Ranar da za ki shiga ɗakin, ki zauna a bakin gado, ki miƙa mata hoton da hagu. Ba za ta ce miki rashin ladabi ne ba.

Antinki